Murfin ƙubbar hangen taurari a bayan gida: ya ja baya ko ya tsage gida biyu?

Mai Ƙubba: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ina neman shawara kan aikin ɗakin hangen taurari da nake yi a bayan gidana a wajen garin Zariya. Ginin zagaye ne na bulo, faɗinsa mita 3, ƙubbar kuma ƙarfe ce sikwaya fayif, tana juyawa a kan tayoyi 8 kuma alhamdulillahi da hannu ɗaya ake tura ta. Ban lulluɓe ta da kwano ba tukuna don ban gama yanke shawarar tsagar da teleskof zai leƙa ta ciki ba da kuma murfin da zai rufe tsagar. Teleskof ɗin mai inci 8 ne, ƙafarsa irin wadda ake saitawa da tauraron arewa ce. Niyyata tsaga mai faɗin santimita 60 daga gindi zuwa tsakiyar ƙubba, murfi guda ɗaya ya riƙa zamewa sama ya faɗa baya. Me kuka gani kafin in kira mai walda?

Oga Walda: Wa alaikumussalam Malam. Kafin komai kar ka bari a sa wuta a ƙarfen nan sai an zana shi a ƙasa. Ka samu fili mai siminti, kusa ɗaya a tsakiya, igiya da alli, ka zana rabin da'irar da girmanta na gaskiya, a kai za a riƙa ɗora duk ƙarfen da aka lanƙwasa ana gwadawa. Mu a nan Panteka duk aikin da yake da lanƙwasa haka muke masa, wanda ya tsallake wannan sai ya zo ɗora murfi ya ga yana tafiya rabi yana cijewa.

Malamar Lissafi: Salam Malam, Allah ya sa albarka a aikin, na ji daɗin ganin irin wannan a Arewa wallahi. Amma murfi guda ɗaya ba zai yiwu ba, bari in nuna maka da lissafi. Ƙubba mai faɗin mita 3, daga gindi zuwa ƙoli idan ka bi lanƙwasar mita 2.36 ne. Tsagar kuma bai kamata ta tsaya a ƙoli ba, dole ta wuce shi da kamar santimita 40, to tsawonta ya zama mita 2.76 kenan, abin da ya rage a baya inda murfin zai je ya kwanta mita 1.96 ne kawai. Ta yaya abu mai 2.76 zai kwanta a wurin 1.96? Ko dai gindinsa ya daki bango ko ya bar maka saman tsagar a rufe. Shi ya sa ake raba shi biyu, na sama mai zamewa baya, na ƙasa mai hinji yana buɗewa waje.

Mai Ƙubba: Na gode Malama. To amma dole ne sai ta wuce ƙolin? Na ga hotunan wasu na Turai kaɗan suke wucewa.

Malamar Lissafi: A wurinmu dole ne fiye da su ma. Zariya tana kan digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar ka sosai a watan Afrilu da Agusta, wata da duniyoyin Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) duk kusa da hanyar ranar suke bi, wato lokacin da suka fi kyan gani suna can saman kanka ne. Mutumin Landan rana ba ta taɓa hawa masa sama da digiri 62, shi idan ƙolinsa ya ɗan toshe bai yi asarar duniyoyin nan ba, kai kuwa ka yi. Sannan irin ƙafar da ka ce kana da ita bututun ba ya zama a tsakiyar ɗaki, yana rataye ne a gefe ɗaya, in ka juya shi ya koma ɗaya gefen, don haka santimita 60 ɗin nan ma ta yi kaɗan. Ka kai ta 90.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum jama'a. Ni dai tambayata, mi ya sa sai ƙubba? Wani abokina nan ɗaki mai kusurwa huɗu munka yi mishi, rufin tol, wato kwano, gaba ɗai shina bisa taya, a tura shi gefe sama duka ta buɗe, ba juyawa ba lanƙwasa ba wahala. Kuɗin da za ka kashe ma wanga murfi kaɗai ya isa ya yi rufin nan duka.

Mai Ƙubba: Gaskiya ne ya fi sauƙi ɗan uwa, na yi tunaninsa, amma unguwarmu kusan kowane gida yanzu akwai fitilar sola a katanga wadda ba ta mutuwa har asuba, in sama duka a buɗe take hasken nan kai tsaye zai riƙa shiga ido da bakin teleskof, ga iskar hunturu da ke kaɗa bututun hoto ya riƙa rawa. Ƙubba tana tare min duka biyun, kuma ai an riga an ƙera ta.

Ɗan Maraɗi: To madalla, in haka ne ni ina bayan mai tsagewa biyu, rabi ya tai dama rabi ya tai hagu. Ba ruwanka da lissafin baya ya isa ko bai isa ba, kuma ba nauyin da za ka ɗaga sama, turawa ce kawai a kwance. Manyan ma haka sunka yi, ƙubbar Palomar ta Kalifoniya da anka buɗe a 1948, faɗinta wajen mita 42, murfinta biyu ne masu buɗewa gefe kowane ɗaya tan 125. In da mai ja baya ya fi ai da shi za su yi.

Oga Walda: Ɗan Maraɗi ka faɗi gaskiya ta wani gefen, amma su suna da injiniyoyi da ƙarfen da aka zuba musu musamman, mu kuma abin da ke kasuwa za mu yi da shi. Ka duba, kowane ƙyaure zai kai mita 2.76 a lanƙwashe, kuma wuri biyu kawai yake da madogara, layin dogo ɗaya a ƙasa ɗaya a can sama bayan ƙoli, tsakiyarsa duk a iska take. In ka tura ƙasan saman ba ya biyowa lokaci ɗaya sai ya murɗe ya cije, sai dai ka haɗa sama da ƙasa da waya ko sanda su riƙa tafiya tare, aiki ya ƙaru kenan. Na biyu kuma shi ne mahaɗar tsakiya, layi ne tun daga ƙasa har ƙoli kuma daidai saman teleskof, duk ɗigon da ya samu hanya a kan madubi zai sauka. Ana iya yi, a sa wa ɗaya leɓe ya hau kan ɗaya, amma ga ƙubba ƙarama ni mai ja baya zan zaɓa.

Ɗan Maraɗi: Mai ja baya ma yana da tashi matsala Oga, ka hwaɗa mishi gaskiya. In ya wuce ƙoli nauyi juyawa yakai, da kana turawa sama, yanzu shi ka janka baya.

Oga Walda: Wannan haka yake kuma shi ne babban hatsarinsa. Yana rufe nauyinsa na gaba yana son ya sauko, yana kaiwa tsakiya sai ya yi sakayau kamar ba komai, da ya ɗan wuce sai ya zarce baya da gudu, in igiya ɗaya ce kake ja da ita babu abin da zai riƙe shi sai ƙarshen layin, in babu matari a can kuwa a tsakar gida za ka tsince shi. Don haka abin da zai ja shi dole ya riƙe shi ta gaba da ta baya, kuma a ƙarshen layi biyun a walda matari mai kauri a sa masa guntun roba.

Alhaji Baba: Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Ɗana mai ƙubba, ni abin da ya dame ni ɗaya ne, duk maganarku ta sama ce, ƙoli ƙoli. To jinjirin wata fa? Mu da muke fita duba wata tun muna samari mun san ba a sama yake ba, can ƙasa yake a yamma daf da inda rana ta faɗi, ɗan lokaci kaɗan ya bi ta. In ka kashe wannan kuɗi ka gina ɗaki amma ranar 29 ga Sha'aban sai ka fito da na'urar waje, to an rage wa aikin albarka. Ka yi shi yadda zai amfani jama'a, in ka gani ka kai wa hakimi labari ta hanyar da aka saba har ya isa fadar Sarkin Musulmi.

Mai Ƙubba: Allah ya ƙara girma Baba, wallahi yana cikin dalilan da suka sa na fara aikin. Yammacin gidan gona ce babu gini, shi ya sa na zaɓi wannan kusurwar.

Malamar Lissafi: Baba ya taɓo inda ya kamata, Allah ya saka da alheri Baba. Mu koma kan lissafin. Murfin sama ba zai wuce mita 1.96 ba, a cire santimita 10 da zai hau kan ƙubba ta baya, saura 1.86 yake rufewa na tsagar. Abin da ya rage a ƙasa santimita 90 ne, a ƙara 10 na shiga ƙarƙashin na sama, na ƙasa ya zama mita 1 cif. Wannan santimita 90 ɗin a sama tana nufin tun daga doron ƙasa har kusan digiri 35. Jinjirin wata na daren farko kuwa yawanci bai fi digiri 10 ko ƙasa da haka ba lokacin da ido zai iya kama shi, tauraron arewa da za ka saita ƙafar da shi shi ma digiri 11 ne kawai a Zariya, Zara ma in ta fito da almuru sau da yawa a wannan yankin take. Kenan ƙaramin murfin da mutane suke ɗauka kamar cikon aiki ne, a wurinka shi ne rabin aikin.

Akwai kuma wani abu da ba a lura da shi sai an gama. Murfin ƙasan nan ba miƙaƙƙe ba ne, a lanƙwashe yake. In ka buɗe shi digiri 90 kana ganin ai ya kwanta, gindinsa ne kawai ya kwanta, bakinsa yana nan a ɗage sama da kamar santimita 32, a nisan kusan mita 2.4 daga tsakiyar ɗaki, wato ya tare maka digiri 7 da wani abu daga doron ƙasa, daidai inda watan yake. Sai ya buɗe kamar digiri 110 kafin bakin ya sauka daidai da hinji. Don haka sarƙar da za ta riƙe shi a auna ta da wannan, kuma a tabbata bango ko zoben ƙubba ba za su tokare shi ba kafin ya kai can.

Oga Walda: Kai Malama wannan ko ni ban kawo shi a rai ba. To in haka ne hinjin ba a jikin zobe za a manna shi ba, a fito da shi waje a kan 'yan kunnuwa kamar santimita 5 zuwa 8 don ya samu wurin faɗawa.

Ɗan Maraɗi: Ko kuma ku ɗauki rabin shawarata, na ƙasan a tsaga shi biyu, hinji a gefe, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba abin da ka tsayawa gaban teleskof ko kaɗan, kuma kowane rabi santimita 50 ne, iska ba ta samun abin kamawa da yawa. Murfi mai mita ɗaya a kwance waje cikin iskar hunturu ai wahala ce, shina ta bugawa yana girgiza ƙubba duka.

Oga Walda: Wannan ta fi, na yarda. Sai dai gefen tsagar a lanƙwashe yake, hinji biyu a kan lanƙwasa ba sa zama layi ɗaya, in ba layi ɗaya suke ba ƙyauren ba zai juya ba. Maganinsa a sa sanda miƙaƙƙiya ɗaya a zura hinjin biyu a jikinta sannan a walda kunnuwan da za su riƙe su, na tsakiya gajere na bakin dogo ko akasin haka yadda lanƙwasar ta ba da. Mahaɗar tsakiyarsu kuma ba abin tsoro ba ce a nan, tunda wurin kusan a tsaye yake ruwa gangarewa zai yi, a dai sa wa ɗaya leɓe ya rufe ɗaya.

Malamar Lissafi: Ƙari ɗaya Malam, tsayin ginshiƙin da teleskof zai zauna. Inda bututun yake juyawa ya zo daidai da saman bango ko ya ɗan fi shi, in ya yi ƙasa to bangonka da kanka ne zai tare watan ko da murfin ya buɗe sarai. Kuma ka tuna mafaɗar rana tana yawo, wajen digiri 24 arewa da yamma a watan Yuni, 24 kudu da yamma a Disamba, watannin Musulunci kuma suna zagaya shekara, to duk wannan faɗin ka duba babu bishiya ko tankin ruwa.

Ɗalibi: Salam manya, don Allah ni tambayata, ba za a iya yin murfin da katako ba? Filawud yana lanƙwasuwa kuma ya fi araha.

Oga Walda: Ƙanena araha ba ta ado. A Turai suna yi su shafe shi da faiba, amma nan rana ta gasa shi wata shida ruwa ya jiƙa shi wata biyar, ga gara. Damina biyu ya fara ɓarewa.

Injiniya Sola: Salam. Na zo a makare amma na karanta duka. Kan nauyi, Malam ka yi murfin da alminiyom ko da firam ɗin ƙarfe ne. Falle mai kaurin milimita 1, murabba'in mita ɗaya na alminiyom kilo 2.7 ne, na baƙin ƙarfe kusan kilo 8, a murfin da ya kusa murabba'in mita 2 ka ga bambancin kilo 5 da kilo 15 kenan tun ba a sa firam ba. Amma ku sani alminiyom yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, a tsawon mita 2 tsakanin sanyin asuba da zafin azahar zai iya motsa fiye da milimita ɗaya, don haka ramukan ribit a ɗan buɗa su kar a ɗaure shi tamau ya riƙa kumbura. Kuma a shafa fenti a firam ɗin kafin a ɗora, alminiyom da ƙarfe in suna haɗe ruwa na shiga tsakani suna cin juna.

Abin ja kuma ga yadda zan yi. Sarƙar babur a shimfiɗa ta a cikin murfin ta bi lanƙwasar, a kafe ta, ta zama haƙora kenan. Siroket ƙarami a kafa shi a jikin ƙubba daidai ƙarshen tsagar ta baya, don nan ne kaɗai wurin da murfin yake kai ko a rufe ko a buɗe. Injin waifa na mota mai bolt 12 ya juya shi. Wannan tsarin yana riƙe murfin ta gaba da ta baya yadda Oga ya ce, kuma giyar cikin injin waifa ba ta saurin bari a juya ta daga waje. Sai dai gudu, sarƙar babur tazarar haƙorinta milimita 12.7 ne, siroket mai haƙori 14 duk juyi ɗaya ya ja kusan santimita 18, injin waifa yana yin wajen juyi 45 a minti, kenan cikin daƙiƙa 15 ya gama tafiyar, ya yi sauri ga abu mai nauyi a saman kan mutum. A rage shi da wani siroket babba a tsakani ya koma kamar minti ɗaya.

Mai Ƙubba: Injiniya to wutar fa, tunda ƙubbar juyawa take waya za ta nannaɗe.

Injiniya Sola: Kar ka ja waya daga ƙasa sam. Ƙaramin batir irin na babur ko na UPS ka ɗaure shi a jikin ƙubbar yana juyawa tare da ita, ƙaramin faifan sola a bayanta ta waje inda murfi ba ya bi, shikenan ko an ɗauke wuta ba ruwanka. Makunni mai gaba da baya, fis, da 'yan makunnan tsayawa guda biyu a ƙarshen layi waɗanda murfin zai taɓa injin ya mutu da kansa. Waɗannan biyun ba a wasa da su, in babu su ranar da hankalinka ya tafi wani wuri injin zai ci gaba da ja har ya tsinke sarƙa ko ya ƙone.

Alhaji Baba: Ni dai ɗana ina jin tsoron abin da sai da inji. Hadarin farkon damina ba ya sallama, kana ganin gabas ta yi baƙi kafin ka ce me iska ta iso da ƙura ruwa na biye. In a lokacin injin ya ƙi fa? Na'urar da ka tara kuɗi shekara da shekaru ka saya tana tsaye a buɗe.

Injiniya Sola: Gaskiyarka Baba, shi ya sa siroket ɗin ba walda za a yi masa a jikin sandar ba, fin za a sa mai zarewa, a zare shi a sa hannun juyawa a rufe da hannu. Amma Malam ka kiyaye, kar a taɓa zare fin ɗin sai an riga an sa hannun an riƙe, in murfin yana gangare ka sake shi zai tafi da nauyinsa.

Oga Walda: Ni shawarata ma a fara da hannu kawai wannan daminar. Ƙaramin winci mai birki ko dai hannun juyawar da Injiniya ya faɗa da sakata, a ga yadda murfin yake tafiya, inda yake cijewa a gyara, in ya yi laushi sannan a ɗora inji. Inji ba ya jin cijewa, ja kawai yake har ya lanƙwasa abu, hannu kuwa yana gaya maka.

Injiniya Sola: Ban ƙi ba, a dai bar wurin zaman injin tun yanzu kar a zo ana yanka daga baya.

Ɗan Maraɗi: Maganar iska da Baba ya kawo, ku yi mata lissahi da kyau. Mu nan mun san abin da takai ma rufin tol duk shekara.

Malamar Lissafi: Iska mai gudun kilomita 90 a awa tana danna murabba'in mita ɗaya da nauyin kusan kilo 38, kuma a saman abu mai lanƙwasa ba dannawa take ba, tsotsa take sama. Murfin sama ya kusa murabba'in mita 2, wato kamar kilo 70 na ɗagawa a kan abin da bai fi kilo 20 ba. In zaune kawai yake a kan layi da nauyinsa to zai tashi.

Oga Walda: Shi ya sa taya biyu-biyu ake sawa, ɗaya a saman layin ɗaya a ƙarƙashinsa sun cafke shi a tsakiya, wuri uku kowane gefe. Layin kuma shawarata a yi shi da ƙarfen falat-ba mai kauri, ko angul in mai rolar ya iya, don angul yana son murɗewa in ana lanƙwasa shi. A lanƙwasa guda biyun tare, a ɗora su kan zanen alli, sannan wajen kafawa a yanka sanda ɗaya daidai faɗin da ake so a riƙa zura ta tsakaninsu tun daga gaba har baya, ɗigon walda nan ɗigo can ana tsallakawa, kar a zauna wuri ɗaya a cika wuta ƙarfe ya ja. Tayar kuma boris mai rufin roba gefe biyu, irin 6202 na fanka yana ko'ina, kar a sa buɗaɗɗe. Kuma don Allah kar a shafa giris a kan layin, ƙurar hunturu in ta haɗu da giris cin ƙarfe take, a bar shi a bushe a riƙa sharewa da burushi. Sannan sakata huɗu ta ciki da za a danna in an gama kallo, kar a dogara da sarƙa ta riƙe murfi a hadari.

Mai Ƙubba: Ruwa fa Oga, ta ina ya fi shiga?

Oga Walda: Gefe da kuma baya. Bakin tsagar duka a tayar masa da leɓe sama kamar santimita 5, shi kuma murfin gefensa ya sauko ya lulluɓe leɓen, kamar murfin langa. Na sama ya hau kan na ƙasa ba na ƙasa ya hau na sama ba. Roba kuma robar ƙofar mota ta wadatar a inda murfi yake zama ya tsaya, amma a gefen da yake zamewa roba tana kama shi, can burushi ake sawa irin na ƙofar gilas mai zamewa, yana tare ƙura kuma yana hana zanzaro da tsaka shiga.

Ɗan Maraɗi: Kuma in za ka kwana ka juya tsagar ta kalli yamma, hadari daga gabas yaka zowa.

Injiniya Sola: To amma in tsaga ta kalli yamma, bakin murfin na baya gabas yake kallo fa, iska za ta shiga ƙarƙashinsa da ruwa.

Oga Walda: Eh dole a yi wa bakin bayan shi ma leɓe mai saukowa, sannan a jikin ƙubba a tayar da wani leɓen da zai shiga cikinsa in an rufe, ruwan da iska ta turo sama ya tarar da katanga biyu. Sai dai leɓen kar ya yi tsawon da zai goge ƙubba in murfin yana tafiya baya, a bar masa ko santimita ɗaya. Kuma ƙubbar kanta a yi mata ƙugiyoyi da za su kama zoben bango, kar a tsare murfi iska ta ɗauke duka.

Malamar Lissafi: Fenti fari a waje Malam, ciki kuma baƙi marar sheƙi. Ɗakin ƙarfe a rufe a watan Afrilu zafinsa ba kaɗan ba ne, in ka buɗe da magariba duk zafin ta tsagar zai riƙa fita, daidai gaban teleskof, hoto ya riƙa rawa. Ka riƙa buɗewa tun bayan la'asar tsagar na kallon gabas ɗakin ya huce. Ranar duban wata kuma kar ka juya ta yamma ka cire murfin teleskof sai rana ta faɗi gaba ɗaya, hasken rana ta cikin madubi mai inci 8 yana makantar da ido nan take, musamman in akwai yara a wurin ka tsaya a kai da kanka.

Alhaji Baba: Saura abu ɗaya ɗana, kuma kar ka raina shi. Maƙwabta. Mutum ya ga an gina abu mai tsaga yana juyawa da madubin hangen nesa a ciki, gidansa da iyalinsa a gefe, dole zuciyarsa ta raya masa wani abu ko bai faɗa ba. Tun kafin ka ɗora murfin ka je ka same su ɗaya bayan ɗaya, ka sanar da mai unguwa, in an gama ka kira su su leƙa wata da idonsu su ga abin da ake kallo. Kuma tunda na ƙasan daban yake, ka ɗaukar wa kanka ƙa'ida ba ka buɗe shi sai ta yamma wajen gona.

Mai Ƙubba: In sha Allahu Baba, gobe bayan sallar isha zan fara da na kusa da ni. Sai dai arewa zan buƙaci buɗe shi lokacin saita ƙafar da tauraron arewa, amma tunda ƙafar a kafe za ta zauna a ginshiƙi ba kullum ba ne, kuma zan gaya wa mai gidan wajen kafin in yi.

Ɗalibi: Malam in an gama ɗalibai za su iya zuwa?

Mai Ƙubba: Sosai ma ƙanena, amma mutum uku-uku, ɗakin ba ya ɗaukar fiye da haka. Oga Walda, faɗin murfin saman nawa zan ce a yanka in tsagar 90 ce, kuma layin a kan leɓen zai zauna ko a wajensa?

Oga Walda: A wajensa, leɓe daban layi daban, in ka haɗa su ruwa zai bi taya ya shiga. Tsaga 90, leɓe da tazara santimita 3 kowane gefe, layi da taya kamar 5 kowane gefe, murfin zai kama mita 1 da santimita 6 zuwa 10. Amma kar a yanka fallen sai an kafa layin an gwada firam ɗin shi kaɗai ya je ya dawo. Ka auna min daga tsakiyar ƙubba zuwa bayan fayif ɗin hakarkarin, ba zuwa cikinsa ba, ka turo da hoton zoben ta inda tsagar za ta sauka in ga ko akwai wurin kunnuwan hinji.